Zarton da Ƙanena Ya Bari

Zuwa ga ɗiyata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai gwiwa da take yi mini gardama da safe. Innarki, uwargidana, tana nan da tarinta da faɗanta, babu wanda ya ragu a ciki.

Direba ya kawo mini takardarki ranar Talata. Kin san ban shiga aji ba, to Tela maƙwabcin shagona ne ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan. In kin ga kalma mai laushi, tasa ce. Kin ce kin yi ta kiran wayata ba a ɗauka. Wayoyin yanzu ne ba su da murya, mutum ya yi ta raɗa a ciki kamar mai gulma. Na jefa ta cikin akwatin kusoshi. Ki riƙa rubutowa.

Rabona da ke tun kina tatata, kina kwashe mini notina kina zubawa a bokitin ruwa. Ko rasuwar mahaifinki ban samu zuwa ba saboda ƙafar nan, abin yana cina har yau. Allah ya jiƙan ƙanena.

Na ji abin da ya same ku. Maigidanki ya rasa aikinsa a kamfanin katako. Wani mai gonar itatuwa ya ce zai ɗauke shi aikin sara nan da sati shida, amma sai in ya zo da zarton injinsa. Kun sauko da na mahaifinki, ya yi kwana biyu yana aiki, ya ƙame. Makanikin garinku ya duba lambar da ke jikinsa, ya sayo sabon fistin ya sa, ya ga fistin yana yawo a cikin silinda kamar cokali a kofi, sai ya ce silinda ta cinye, an daina yin irinta, ku jefar da injin.

Shi ya kamata a jefar.

Lambar nan ƙarya take yi. Shekara ashirin da shida da suka wuce kututture ya faɗo wa injin nan ya fasa masa silinda. Mahaifinki ya kawo shi a buhu yana ta huci kamar ni na turo kututturen. Na ɗauko silindar wani inji da ya fi shi girma, na yi kwana uku ina gyara mazauninta da magagari, na ɗora. Tun ranar, jikin na wani ne, cikin na wani. Duk duniya mutum biyu ne suka san haka, ɗaya yana ƙasa.

Kada kowa ya sake sa masa hannu. Injin nan aikina ne, wurina ya kamata ya dawo. Ki naɗe shi ki ba Direba.

Ki gai da surukina da ban taɓa gani ba.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da Inna, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa da na tari. Yara lafiya, ƙaramar ta yi zazzaɓi amma ta warware.

Baffa, ka yi haƙuri da shirun sati ukun nan. Gaskiya zan faɗa maka. Na karanta takardarka ya fi sau goma, kullum a wuri ɗaya nake tsayawa, inda ka ce injin aikinka ne, wurinka ya kamata ya dawo. Maigidana ya ce shi dai abin da ya fahimta, Baffa kayansa yake nema, wataƙila akwai wata magana tsakaninku da Baba wadda ba mu sani ba. Na ce ba haka ba ne, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Abin da Baba ya bar mini ke nan, shi da agogon hannunsa. Har yanzu in na buɗe buhun, warin rigarsa nake ji.

Sai muka kai shi wurin wasu makanikai biyu. Na gaya musu abin da ka ce game da silindar. Ɗaya ya yi dariya, ya ce tsofaffi ba sa rasa labari. Ɗayan ya auna, ya ce gaskiya ne, amma shi bai san inda za a samu fistin ɗin da zai shiga ba.

Yanzu saura kwana goma sha takwas. Mai gona ya ce in ranar ta zo babu zarto, akwai wanda yake jira. Maigidana ya daina fita, yana zaune yana gyara abin da bai lalace ba.

Ga injin nan na ba Direba, na haɗo da tsohon fistin ɗin a leda. In naka ne, Baffa, ka riƙe, ba zan ce komai ba. In kuma gyara kake nufi, ka yafe mini.

Ɗiyarka, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya, a daina barin ta tana wasa da ruwa, gadon uwarta ne.

Tela ya karanta mini takardarki, na ce ya sake, ya sake da ƙarfi har mai gyaran takalmi na tsallaken titi ya san cewa ni ɓarawon gado ne. Ke Auta, me zan yi da zarto ina da shekara saba'in da huɗu? Gemuna zan yanka? Na ce wa Tela shi ya rubuta maganata a karkace. Ya rantse abin da na faɗa ya rubuta, har ma ya rage. To shi ke nan, bakina ne. Haka yake tun ina yaro, mahaifinki ya sha fama da shi.

Tunda kina zaton akwai magana tsakaninmu, bari ki ji ta. Kafin a haife ki, sarƙar zarto ta tsinke ta same ni a hannun dama. Wata huɗu ban iya riƙe ko cokali ba. Lokacin aikin sara ne, lokacin da mahaifinki yake samun abin da zai ci shekara. Ya bar dajin ya zo ya zauna a shagon nan. Ni ina faɗa, shi yana ɗaurewa. Mutumin da ya tsani maiƙo, ya tsani zama wuri ɗaya. Kullum sai mun yi faɗa, kullum sai ya jefar da sifana ya ce gobe ba zai zo ba, kullum kuma shi yake riga ni buɗe ƙofa. Shagon nan bai rufe ba ko yini ɗaya. Ban taɓa ce masa na gode ba, mu ba mu saba da irin wannan ba. Da kika rubuto, ji na yi kamar shi ya aiko ni. Wannan ita ce maganar da ke tsakaninmu.

Na buɗe injin tun Direba bai juya ba. Allah ya yi miki albarka da kika haɗo da tsohon fistin, shi ya gaya mini komai. Gefensa na wajen salansa, inda hayaƙi yake fita, ya ƙone, ya yi zane-zane kamar kyanwa ta yakushe shi. Cikin injin a bushe ƙamas, tankin man sarƙa kuwa cike fal. Surukina ya zuba baƙin mai a tankin sarƙa ya ɗauka ya gama, fetur kuma ya zuba shi zalla. Irin wannan injin a cikin fetur ɗinsa ake haɗa masa mai, in babu, kansa yake ci. Kada ki yi masa gori. A kamfani injinan lantarki ya sani, babu wanda ya nuna masa.

Silinda ba ta mutu ba. Narkakken ƙarfen fistin ne ya manne mata. Ina goge shi da sanfefa mai laushi, kaɗan-kaɗan, ina bi da farce. In farce ya wuce bai maƙale ba, ta rayu. Ya zuwa yanzu wuri ɗaya ya rage.

Fistin ne matsala. Na zaga kasuwa da sandata, shago tara, duk wanda na nuna wa sai ya juya shi ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana koyon aiki. Ina da wata dabara, ba zan faɗa ba sai ta yi.

Sati ukun da kika cinye da sun yi mini amfani, amma ya wuce. Ki ce wa surukina ya fita ya sha iska.

Baffanki.

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya. Direba yana tsaye a kaina yana kallon agogo, don haka zan taƙaita.

Ga zarton ƙanena nan. Zai iso ku da saura kwana uku.

Akwai inji a rataye a bangon shagona, shi ne na farko da na mallaka. Irin wanda na cire wa silindar nan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk sati nakan sauko da shi in tayar, don kada ya manta. Na cire fistin ɗinsa da ringinsa na sa a naku. Sun zauna kamar don su aka yi wurin. Nawa ya koma bango, ya isa hutu, ni ma haka. Amma ki sani, babu wani bayan wannan. In ya ƙone, an gama.

To ki zaunar da surukina ki karanta masa wannan a tsanake. Na ɗaura ɗan gwangwani a hannun injin da waya. Cikinsa ɗaya na mai a kowace galan ta fetur, a girgiza kafin a zuba. Ba a ƙiyasi, ba a cewa yau mai ya ƙare bari a lallaɓa. Tanki uku na farko ya bi shi a hankali, ƙananan rassa, yana barin shi yana hutawa. Na sa sabuwar igiya, na wasa sarƙa haƙori-haƙori. Kullum in ya tashi aiki ya wanke matatar iska. A gefen kafireto akwai ƙananan kusoshi guda biyu. An saita su. Duk wanda ya zo da sukundireba ya ce zai ƙara masa gudu, a kore shi, ko da limamin unguwa ne.

Da ya yi yinin farko ki rubuto mini.

Baffanki.

*

Ɗiyata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai jikina lafiya, abinci ne ba ya shiga.

Yau sati biyar babu takardarki. An canja wa Direba hanya, sabon da aka kawo bai san ki ba, bai san buhu ba, ko gaisuwa bai iya ba. Wannan ta gidan waya zan aiko ta. Na yi ta juya abin, na ga shirun nan ma'anarsa ɗaya. Injin ya ƙone, aikin ya kuɓuce, kina jin nauyin gaya mini. In haka ne, kada ki ɗora wa maigidanki. Akwai abin da na ɓoye miki, yau zan faɗa, ko da yake a gaban Tela ne, shi kuma bakinsa ba ya da zif duk da sana'arsa.

Wayar nan lafiyarta ƙalau. Ni ne ba na ji. Shekara hamsin da wani abu injina suna ihu a kunnena, shekara uku ke nan sun tafi da shi. Sai an yi mini tsawa nake kama magana. Aikinmu kuwa ƙarshensa kunne ne. Kusar nan ta kafireto ita take auna fetur ɗin da injin yake sha. In ya yi yawa, ya yi ta hayaƙi babu ƙarfi. In ya yi kaɗan, ya yi gudu mai daɗi, mai shi ya yi murna, kafin la'asar ya ƙone. Tsakanin biyun bai fi kaurin farce ba, kuma da ji ake gane shi. Tun da kunnen ya tafi, wasa sarƙa da canja igiya kawai nake yi. Wanda ya kawo babban aiki sai in ce ba ni da lokaci.

Ranar da na gama haɗa naku, na kai shi tsakar gida na tayar. Na ɗora tafin hannu a jikinsa ina juya kusa har na ji rawarsa ta yi sumul. Na ce ya yi. Ina shirin naɗewa sai ga Innarki ta fito da kumfar sabulu a hannu, ta ja mini riga, ta sa baki a kunnena ta ce, "Wannan ba gamamme ba ne."

Na ce wa ya tambaye ta, ita da ba ta taɓa riƙe sifana ba, ta koma wankinta. Ba ta koma ba. Ta ce bangon shagona shi ne bangon madafarta, shekara arba'in da ɗaya da kukan inji take sanin lokacin da za ta zuba mini abinci. In ina tsakiyar aiki ta sani, in na gama ta sani.

Ta ce, "In ka gama, yakan ɗan yi gargada in an matsa masa wuta, kamar mai gyaran murya, sai an sa shi a itace ya washe. Wannan tsiwa yake yi. Duk wanda na ji yana irin wannan tsiwar, bayan kwana biyu mai shi yakan dawo yana zaginka."

Auta, abin da ta faɗa shi ne abin da maigidana ya koya mini ina ɗan shekara goma sha bakwai, kusan kalma da kalma, ni kuma ban taɓa gaya mata ba. Duk da haka sai da na yi rabin yini ina fushi, ina share shagon da ban share ba tun bara. Da na tuna fistin ɗin guda ɗaya ne, na leƙa na ce ta zo in ta ga dama. Ta zo ta tsaya nesa kaɗan, ta ɗaga hannu sama. Na matsa wuta, ina sassauta kusa kaɗan-kaɗan, idona a kan hannunta. Sau biyu tana girgiza kai. Can ta sauke hannu. Na sa shi a guntun icce, ya ratsa shi, ta gyaɗa kai ta koma wankinta. Na cire fulogi na duba, kalarsa ruwan ƙasa, yadda ake so.

Amma guntun icce ɗaya ba yinin aiki ba ne. Na aiko muku da abincin gidanku a kan kunnen tsohuwar da ba ta taɓa buɗe inji ba, ban kuma gaya muku ba, don kada a ce Baffa ya ƙare. In ya ƙone, laifina ne. Ki faɗa mini yadda yake, na fi son haka da shirun nan.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gai da Inna gaisuwa ta musamman. Don Allah, Baffa, ka ci abinci.

Injin lafiyarsa ƙalau. Da wannan zan fara kafin Tela ya gaji.

Ranar da aka ɗauki maigidana aka ce mu koma gidajen ma'aikata a cikin gonar, tafiyar rabin yini daga gari. Na rubuta maka a satin farko na ba wani ya kai tasha, ashe Direba ya bar hanyar, takardar tana can a aljihun wani. Taka ma tsohuwar maƙwabciyata ce ta karɓa ta aiko mini, jiya ta iso. Na karanta ina kuka ina dariya, har yara suka taru suna tambaya wa ya mutu.

Da aka ja igiya, a ja na uku ya tashi. Maigidana ya bi duk abin da ka ce, gwangwanin nan ko ni ba ya bari in taɓa. Da na karanta masa maganar tankin sarƙa, ya ce in gaya maka ya gode da ka ce kada a yi masa gori, ko da yake na ɗan yi. Yanzu sati biyar kullum yana aiki, an ma ba shi manyan itatuwan da ke bakin rafi.

A sati na biyu mai gonar ya jiyo kukan injin daga nesa, ya tako har inda ake sara, ya tsaya yana saurare. Ya tambayi wanda ya saita shi. Ya ce yana da zarto uku da suka ƙone sau biyu-biyu a bana, in mai wannan aikin yana karɓa, zai aika da su duk nisan wurin. Mun ce za mu tambaya. Yanzu da na karanta takardarka, ban san sunan wa zan rubuta a buhun ba.

Wata huɗun nan kuwa, Baba ya sha ba mu labarinsu. Bai taɓa cewa hannunka ne ya samu rauni ba. Cewa yake ya je koyon aiki wurin yayansa, bai koyo komai ba sai zagi.

Allah ya saka muku da alheri, kai da Inna.

Ɗiyarku, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na ci abinci, har na nemi ƙari, Innarki ta ce da ma ta san ƙin cin abincin na iyayi ne.

Tela ya karanta takardarki sau uku, na ukun don kansa. Inda kika ce a ja na uku ya tashi, na ce ya tsaya, na fita waje na ɗan yi tafiya. Zagi kuwa ƙarya mahaifinki yake yi, da abinsa ya zo.

Na gode, ɗiyata. Kin amince kin aiko da abin da ya fi komai a wurinki ga tsohon da kike zaton zai cinye shi. Ki gode wa surukina da ya ji magana, ba kowane namiji ne matarsa za ta karanta masa laifinsa ya zauna ba.

Ki ce wa mai gona ya turo ukun, kowanne da tsohon fistin ɗinsa a leda. A buhun ki rubuta sunana, ni aka sani a tasha. Na yi wa Innarki maganar. Ta ce za ta duba, amma sai an ba ta kujera mai jingina, ba za ta tsaya a rana kamar mai ba mota hannu ba, kuma ba ta aiki kafin ta gama girki. Na ce ashe duk shekarun nan leƙen asirina take yi ta bango. Ta ba ni amsa, ban ji ba, Tela kuma ya ƙi maimaitawa.

Jiya wani ya shigo da zarto a kafaɗa, ya ce ba ya tsayawa in an saki wuta. Bakina ya riga ni, na ce masa ba ni da lokaci. Har ya juya, sai na ga ya tsaya yana kallon bayana. Innarki ce a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ya ajiye injin a kan tebur ya fita. Na tambaye ta me ta ce masa. Ta sa baki a kunnena ta ce ranar Alhamis zai dawo, in fara kwancewa.

Na kwance. Ki gai da yara.

Baffanki.